Ranar da Mati Ya Bar Inji Bisa Bututu

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa a Katsina cikin shekaru talatin ɗin nan, in bai san Mati Mai Igiya da ido ba, to kunnensa ya san shi. Mutum ne da aka gina a faɗi ba a tsaye ba. Ƙirji kamar ƙofar zaure, wuya kuwa sai dai a yi masa zato, ga hular da ta daɗe da yanke ƙauna daga sabulu. Igiya ba ta barin kafaɗarsa. 'Yan kasuwa na rantsuwa cewa ranar ɗaurin aurensa ma sai da liman ya roƙe shi ya aje ta waje. Yana nan har gobe yana aikinsa, sai dai bakin nan da ke cika kasuwa ya ragu da rabi, tun abin da ya shiga tsakaninsa da taubashinsa Abbas direba. Mutane na cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne.

Aikin Mati lodi ne. Ka kuskura ka ce masa ɗan dako, ka ja wa kanka faɗan yini guda.

"Ɗan dako ɗauka yake ya aje," in ji shi. "Ni nake gaya wa kaya inda zai zauna, da yadda zai zauna, da wanda zai jingina da shi har Legas."

A Ƙofar 'Yandaka aka haife shi, gidan masu jakai. Ubansa ƙasar gini yake kai wa magina a mangala, kuma a wurinsa Mati ya fara lura cewa in aljihun dama ya fi na hagu ko da kwano guda, jaki zai yi ta tafiya a karkace, mai shi yana dukansa a banza. Da jakai suka ja baya motoci suka cika gari, sai ya kwashi abin da ya koya ya koma kasuwa da shi. A ganinsa mota jaki ce da ba ta cin dusa, kuma ta fi jaki wauta, don jaki in kaya ya dame shi yakan tirje ya tsaya, mota kuwa sai ta kai ka rami tukuna.

Karatunsa na lodi ba shi da yawa, amma bai yarda a tsallake ko harafi ɗaya ba. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi bisa, don motar da nauyinta ya hau sama, da ta sha kwana sai ta nemi wurin kwanciya. Buhun leda ba ya hawa kan ɗan'uwansa sai an shimfiɗa algarara a tsakani, saboda santsi ba ya riƙe santsi. Duron mai in rabi ne ya fi cikakke mugunta, domin abin da ke ciki ya samu filin rugawa ya dawo, yana dukan mota daga ciki kamar mai neman fita. Amma abin da ya fi nanatawa, har 'yan dako na kwaikwayonsa in ya ba da baya, shi ne kada a bar fili tsakanin kaya da bayan direba.

"Direba ya taka birki, taya ta ji, mota ta tsaya," haka yake gaya wa masu kaya. "To kaya fa? Wa ya gaya mashi an tsaya? Shi tafiyarshi yake yi. Yadda aka ɗauko shi da gudu, haka zai ci gaba da gudu sai ya ishe abin da zai tare shi. In igiya ce, alhamdu lillahi. In ƙeyar direba ce, inna lillahi."

'Yarsa Sumayya, wadda ke koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, ta taɓa gaya masa ai wannan maganar tana cikin littafi. Wani Bature ya rubuta ta fiye da shekara ɗari uku da suka wuce: abin da ke zaune ba ya tashi sai an tura shi, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon wuyar tare shi.

"Lodi yake yi, Baturen?"

"A'a, Baba. Tunani yake yi."

"To ya huta. Mu da gadon bayanmu muka gano."

Akwai wani abu da direbobin tashar kasuwa suka saba da shi. In Mati ya gama ɗauri, yakan zaga mota sau ɗaya, ya finciki kowace igiya ya ji kukanta, sannan ya daki bodi da tafin hannu sau biyu. Direban da ya ji wannan duka ba ya sauka, ba ya ɗaga tamfol, giya kawai yake sawa. Duba kaya bayan Mati ya buga mota zagi ne. Shekara talatin da ɗaya kuma ba a taɓa dawowa da labarin ko buhu guda nasa ya zame ba.

Cikin direbobin nan babu wanda ya kai Abbas yarda da hannun Mati, babu kuma wanda ya kai shi zaginsa. Ɗan gwaggonsa ne, taubashi, irin dangin da aka halatta wa su ci mutuncin juna a bainar jama'a ba mai rabawa. Abbas dogo ne siriri, yana jan wata tsohuwar a-kori-kura da ta canza fenti sau huɗu ba ta canza hali ba. Gaisuwarsu ta safe sai mai shayi ya dakata da zubi ya saurara.

"Kai, buhun gero! Har yanzu ba a sayar da kai ba?"

"Wa zai saye ni ya bar ka, tsinken tsire? Jiya na ga motarka na tafiya, na rantse ba kowa ciki, sai da ka yi tari."

"Mota dai tawa ce. Kai mi ka mallaka in ba igiya ba? Akuya ma na da igiya."

"Akuya na da nama. Kai ko kare ya gan ka sai ya yi maka jaje."

Haka suke tun suna wasan ƙasa. Tare aka yi masu kaciya, tare suka saci mangwaron maƙwabta, Abbas ya hau bishiya, Mati ya sha dukan, don shi ba ya iya gudu. Ranar da Mati bai ji zagin Abbas ba, abinci ba ya yi masa daɗi. Abbas ne ma ya raka shi gaisuwar farko gidan su Hajo, matar da ya aura, kuma shi ya yi duk maganar, don a ƙofar gidan nan harshen Mati ya fara mutuwa, bai kuma taɓa farfaɗowa a gaban mai gidan ba.

Mai gidan shi ne Alhaji Sada, uban Hajo, tsohon ma'aikacin gwamnati. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da makullan sito inda ake aje injina da kayan gyara, daga nan ya ɗauka shi ma rabin injiniya ne. Mutumin kirki ne, mai sakin hannu, ba ya zagi ba ya hantara. Aibinsa ɗaya, bai san ya taɓa yin kuskure ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa. Da Mati ya hango shi, takalmi ya fita, gwiwa ta kai ƙasa, ido ya koma kan yatsun ƙafa, murya ta zama ta amarya. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa furta sunansa ba. In wani Sada ya kawo kaya kasuwa, "mai sunan Baba" yake ce masa. Kara ke nan, kawaicin da Katsinawa ke tinƙaho da shi, ka haɗiye maganarka don kada babba ya ji kunya. Duk hirar da Mati ya yi da surukinsa cikin shekara ashirin da takwas, in aka tace ta, kalma biyu ce: "To, Baba."

Wata Laraba da kaka, Alhaji Sada ya sayi injin niƙa. Garinsu na asali zai kai shi, can hanyar Kaita, don matan garin su huta da daka. Niyya mai kyau, kowa ya sa albarka. Injin sabo fil, kore shar, nauyinsa ya kai buhun masara biyar a dunƙule wuri guda. Alhaji ya ce ba wanda zai taɓa shi sai surukinsa, ba motar da za ta ɗauka sai ta Abbas. Shi zai biyo baya washegari. Abbas ya juya mota, ya buɗe ƙofar bodi, ya ce shi ya tafi rumfar mai tuwo, in buhun gero ya gama wasa da ƙarfe a kira shi.

Ranar Mati ya nuna aiki, don yana sane da idon da ke kansa. Ya jingina katakai biyu masu kauri daga ƙasa zuwa bakin bodi, dogaye, yadda hawan zai yi sauƙi. Ya cusa dogon ƙarfe ƙarƙashin injin, ya tokare shi da dutse kusa da kai, ya koma can ƙarshe ya danna da hannu ɗaya. Injin da ƙarti shida suka kasa motsawa ya ɗaga gindi. Aka zura bututun ƙarfe uku a ƙarƙashinsa. Daga nan mutum uku suka gara shi bisa katakan, ana zare na baya ana mayarwa gaba, har ya hau mota ba wanda ya yi nishi.

"Kun ga ilimi!" in ji Alhaji, yana duban jama'ar da ta taru. "Wannan shi ne aiki da hankali."

Abin da ya rage kaɗan ne. A ida tura shi ya jingina da bayan direba, a zare bututun, a sa tsohuwar taya a ƙasa ta kama shi, a ɗaure ta kusurwa huɗu. Mati ya sa kafaɗa ke nan, sai ya ji muryar Alhaji.

"Tsaya nan, Mati. Bar shi nan bakin ƙofa."

Mati ya tsaya, kai a ƙasa.

"Can garin ba ƙarti, duk suna gona. Tsofaffi ne za su sauke. Ka bar shi nan baya-baya, kuma kada ka zare bututun nan. Da an isa a buɗe ƙofa, a garo shi, shi ke nan. Ai na ga yadda ka yi." Ya juya ga mutane yana murmushi. "Mu da muka yi aiki da injina mun san saukewa ta fi ɗorawa wuya."

Bai tsaya nan ba. Ya dubi igiyar da ke kafaɗar Mati, mai kaurin hannun jariri, ya yamutsa fuska. "Wannan duk baƙin mai ce, za ta ɓata fenti kafin mutanen gari su gani. Ga sabuwa na sayo." Ya miƙo igiyar leda shuɗiya, irin wadda mata ke shanya a kai.

'Yan dako suka zuba wa Mati ido. Sun san da wani ɗan kasuwa ne ya faɗi haka, da yanzu ya ji tarihin kakanninsa. Mati ya dubi injin a zaune bisa bututu uku. Ya dubi filin da ke tsakaninsa da bayan kujerar Abbas, kamu uku cif, ƙarfe sumul ba abin da zai tare. Bai taɓa ganin abu a fili kamar ranar ba. Maganar ta taso masa har maƙogwaro, gajera ce ma, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma Alhaji ya riga ya faɗi tasa da ƙarfi, gaban mutum ashirin, ya kuma jingina ta da shekarunsa na aiki. Gyara masa a nan daidai yake da tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwa.

"To, Baba," in ji Mati.

Ya yi abin da zai iya a ɓoye. Ya cusa guntayen katako gaban bututun, ya riɓa igiyar shanya sau uku, ya ɗaure da ƙullin da ya fi yarda da shi. Yana ɗauri yana yi wa kansa huɗuba: hanya gajera ce, titi lafiya lau, Abbas ba ya gudu, motarsa ma ko ta so ba ta iyawa. Alhaji ya sa aka lulluɓe injin da tamfol don kada ƙura ta taɓa shi.

Abbas ya dawo yana sakace. Ya rusuna ya gaida Alhaji, ya raɓo kusa da Mati ya rage murya. "Buhun gero, yau ga ka salihi kamar an yi maka wankan gawa." Ya shiga mota, ya tayar, ya leƙo ta taga. "Ya kayanka?"

Alhaji na tsaye taku biyu daga nan, hannu a baya, fuska cike da jin daɗi. Mati ya zaga motar. Ya finciki igiyar, ba ta yi kukan da ya sani ba, sai ta miƙe kamar danƙo. Ya ɗaga hannu. Ya daki bodi sau biyu.

Motar na fita tasha ya ciro waya. Lambar Abbas ce ta farko, ba sai ya nema ba. Amma ya san mutuminsa. Zai tsaya bakin titi, ya ɗaga tamfol, ya yi salati, ya gyara, kuma kafin la'asar kowane teburin mai shayi ya ji cewa Alhaji Sada ya ɗora inji bisa bututu uku ya ɗaure da igiyar shanya. Magana ta koma kunnen Alhaji cewa surukinsa ya ce "to" a gabansa ya zagaya ta baya. Yana riƙe da wayar, wani mai albasa ya kira shi. Ya ce a ransa bari ya sallami wannan tukuna. Ya maida ta aljihu.

Bayan gari da kaɗan shanu suka keto daga cikin karan dawa suka hau titi. Abbas ba gudu yake ba, waɗanda ke gona bakin hanya sun shaida. Ya taka birki iya ƙarfinsa, taya ta yi kuka, mota ta tsaya cak, ko saniya ɗaya bai taɓa ba. Injin ne bai tsaya ba. Guntayen katakon suka yi tsalle, igiyar ta tsinke, bututun suka yi aikin da aka sa su, suka gara shi. Kamu uku ya ishe shi. Ya lotsa ƙarfen bayan kujera ya shigo da shi ciki, ya matse Abbas da sitiyari.

Wata biyu ya yi a asibiti. Ya rayu, ya fito da sanda da ƙafar hagu da yake ja, likita ya ce shi da tuƙi sai dai kallo. Waɗanda suka ciro shi sun ga bututu a warwatse, suka ɗauka cikin kaya suke. 'Yan dakon da suka san komi suka yi wa Mati kara, yadda shi ya yi wa Alhaji, ba wanda ya ce uffan. Alhaji Sada ya je dubiya da lemo da ayaba, ya yi alheri mai yawa, ya fito yana girgiza kai yana cewa direbobin yanzu ba su da haƙuri da totur. Ba ƙarya yake ba, har zuciyarsa haka ya gaskata.

Shi kuwa Abbas bai tuna komi ba sai shanu. Da wani direba ya ce anya ba ɗaurin ne ya yi sako-sako ba, daga kwance ya kusa tashi.

"Kai, rufe mana baki! Kayan Mati ba ya motsi. Da kunnena na ji ya buga. Ni ne na taka birki kamar jakin da ya ga kura, wace igiya za ta ɗauki wannan?"

Mati na tsaye bakin gado lokacin. Ya ce zai je ya sayo ruwa, ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya nufi Ƙofar Durbi, gidan Abbas. Yakan ishe shi a zaure bisa katifa, ya jingina da filo uku, bakin nan kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ga shi nan! Ummi, ɓoye tukunya, fara ta sauka!" Ummi matarsa ce, takan yi dariya daga cikin gida.

Mati yakan lalubo amsa ya mayar, amma ba gishiri. Abbas ya lura.

"Wai ni aka matse ko kai? Ni bayana ya karye, kai bakinka. Ko tausayina kake ji? Wallahi ka tausaya mani sai na rama."

Bai gaya wa Hajo ba, don ubanta ne. Bai gaya wa Sumayya ba, don ita za ta gane tun bai ida ba. A kasuwa ya ƙara tsanani, yana kwance ɗaurin da ba shi da aibi ya sake, har direbobi suka fara ƙorafin yana ɓata masu lokaci. Kullum yana shirya yadda zai faɗa wa Abbas, kullum in ya shiga zauren aka tare shi da "buhun gero" sai ya ga ai Juma'a mai zuwa ma rana ce. Ya san abin da faɗar za ta ci. Shi ya sa yake zama ya sha zagin nan kamar mai shan romon ƙarshe a tukunya.

A wata na bakwai ya ishe Abbas ba a kwance ba. Yana zaune bisa kujera, ya sa farar riga mai guga, ya kafa hula, sanda a gefe.

"Ina zuwa haka, tsinken tsire? Aure za ka ƙara?"

"Gidan surukinka za ka raka ni. Na kira mai Keke, yana hanya."

"Gidan Baba? Yin mi?"

"Haƙuri zan ba shi." Abbas ya gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu. Ba wasa a muryarsa. "Dattijo ya amince mani, ya ba ni injin mutanen gari, na farfasa mashi. Bai ce mani komi ba, sai ma alheri. Abin na ci na, Mati. Kullum ina ganin shanun nan, ina cewa da na rage tun daga nesa, da na kauce dama. Shekara talatin ina tuƙi, ashe ban iya taka birki ba. Gara in durƙusa in ce na yi kuskure, ko na samu sauƙi. Kai dai ka kama ni in zan durƙusa, don tashi ne ba na iyawa."

Mati ya dubi farar rigar. Ya hango mutumin nan da karyayyen baya a ƙasa gaban Alhaji, shi kuma yana riƙe da hammatarsa.

"Abbas."

Abbas ya ɗago da sauri. Rabon da Mati ya kira shi da sunansa tun ranar da gwaggo ta rasu.

"Ba birkinka ba ne. Injin bisa bututu yake. Ban zare ba."

"Wane bututu?"

"Waɗanda muka gara shi da su. Bakin ƙofa na bar shi, ban kai shi gaba ba. Igiyar kuma ba tawa ba ce, ta shanya ce."

Abbas ya sauke ido ƙasa. Direba ne, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mati na ganin yadda yake auna filin da idonsa bisa daɓen zaure, daga ƙofa zuwa inda yake zaune.

"Bututu nawa?"

"Ukku."

"Don mi?"

"Baba ne ya ce. Gaban mutane."

"To." Abbas ya gyaɗa kai a hankali. "Baba ne ya buga motar?"

"Ni na buga."

"Ka san abin da zai faru, ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Kana da lambata."

"Na ciro wayar. Na maida."

A waje mai Keke ya iso ya yi ham sau biyu. Ba wanda ya motsa. Mati ya jira zagi. Ya roƙi Allah a ransa ya zo, kowane iri, har da na uwa da uba, har da sandar nan a tsakar ka. Abbas ya fi kowa sanin inda zai soka ya yi zafi, kuma yau yana da gaskiya.

Abbas ya cire hular ya aje bisa gwiwa. Ya daɗe yana shafa ta.

"Malam Mati," ya ce, murya a kwance, "na gode da ka gaya mani. Ka sauke mani kaya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Abbas, ka zage ni mana."

"Haba, a'a. Mi ya yi zafi? Abin da Allah ya rubuta ne." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya. "Ummi! A sallami mai Keke, an fasa fitar. A kawo tabarma da ruwa, mun yi baƙo."

"Wane baƙo kuma?" in ji Ummi daga ciki. "Ba muryar Mati nake ji ba?"

"Sabuwar tabarmar za ki kawo."

Ta kawo, ta shimfiɗa, ta dubi mijinta ta dubi Mati, ta aje kofin tangaran bisa faranti ta koma ciki. Mati ya zauna a gefen tabarmar. Abbas ya tambaye shi lafiyar Hajo, ya amsa. Ya tambayi Sumayya da makaranta, ya amsa. Ya tambayi kasuwa, da gajiya, da yadda hatsi ya yi bana, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komi ba, yana cewa madalla bayan kowace amsa. Mati ya shanye ruwan don ba a barin ruwan mutane.

Da ya miƙe zai tafi, Abbas ya laluba sanda ya yunƙura.

"Zauna, don Allah. Ina za ka da ƙafar nan?"

"A'a, ai sai na taka maka."

Ya raka shi har ƙofar gida, yana jan ƙafa, taku shida da suka ɗauke shi lokaci mai tsawo. A bakin ƙofa ya miƙa masa hannu, suka yi musafaha, ya kai hannun ƙirji.

"An gode da ziyara, Malam Mati. A gaida mutanen gida."